Wanda ya je taron otizim a Yamai, bashi ya ɗauko

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen yara a jihar Tawa tsakanin watan Agusta da Oktoba ya san abin da ido ke gani: masassarar cizon sauro, tamowa, gudawa, uwa riƙe da jariri a baranda saboda gado ya ƙare. Shi ya sa ban ji haushin abokan aikina ba da suka ce tafiya Yamai taron likitoci a kan binciken halittar otizim almubazzaranci ne. Tafiyar sama da kilomita 500, kuɗin mota, kuɗin masauki, ga aiki an bar wa waɗanda dama a gajiye suke, duk don a zauna a ɗaki mai sanyi a saurari maganar ƙwayoyin gado da ba mu da na'urar auna su. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya riga ni shiga aikin nan da shekaru masu yawa, cewa ya yi, "Ɗiyata, mu fara da waɗanda ke mutuwa tukuna." Maganarsa tana da nauyi. Duk da haka na je, kuma ina ganin ya kamata a riƙa zuwa, muddin wanda ya je ya san bashi ya ɗauko, kuma a gida ake biyan wannan bashi.

Otizim, wanda wasu gidajen rediyo ke kira galahanga, yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro yana ciki. Yana bayyana a yadda yaro ke hulɗa da mutane, yadda yake magana ko rashin maganarsa, maimaita abu ɗaya da yake yi, da yadda ƙara ko haske ko taɓawa ke damunsa fiye da sauran yara. Wani ba ya magana ko kaɗan kuma yana buƙatar mai kula da shi har girma. Wani yana karatu har jami'a. An fi gano shi ga maza, kusan ninki huɗu a kan mata. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen yaro 1 cikin 100 yana da shi. A Amurka, inda ake bin yara da awo sosai, lissafin ya tashi daga 1 cikin 150 a shekarar 2000 zuwa 1 cikin 31 a 2022, kuma babban ɓangaren wannan hauhawa ya zo ne daga faɗaɗa ma'anar yanayin da kuma yawan bincikar yara. Nijar tana da mutane sama da miliyan 25, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Ko mu ɗauki ƙaramin ƙiyasi, maganar yara dubbai masu yawa ake yi. Suna nan a cikin gidajenmu, da wasu sunaye da aka laƙaba masu.

Abin da ya fi tsaya mani a rai a taron shi ne tarihin yadda aka ɗora wa uwa laifi, da yadda aka sauke mata shi. A 1943 likita Leo Kanner ya yi bayanin yara 11 a Baltimore ta Amurka, wanda daga nan ne aka fara ɗaukar otizim a matsayin yanayi mai zaman kansa. Bayan haka sai aka shafe shekaru ana koya wa likitoci cewa uwa ce sanadi: wai ba ta da ɗumin zuciya, ba ta nuna wa ɗanta ƙauna, shi ya sa ya rufe kansa. Bruno Bettelheim ya yaɗa wannan ra'ayi sosai a shekarun 1960, har ana raba yara da iyayensu da sunan magani. Mutane ne masu digiri, a ƙasashe masu arziki, suka yi wannan zalunci. Abin da ya karya shi binciken halitta ne. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka duba tagwaye 21 a Ingila. Cikin tagwaye 11 da suka fito daga ƙwai ɗaya, a 4 an sami otizim ga duka biyun. Cikin 10 da suka fito daga ƙwai daban-daban, ba a sami ko ɗaya da duka biyun ke da shi ba. Uwa ɗaya, nono ɗaya, gida ɗaya, amma bambancin ya bi gado. A 2019 wani bincike da ya haɗa mutane sama da miliyan 2 a Danmak, Finlan, Suwidin, Isra'ila da yammacin Ostireliya ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yiwuwar samun otizim daga gado yake.

Wannan lissafi ba a kan takarda kawai yake aiki ba. Akwai wata baiwar Allah daga wani ƙauye na Adar da ta kawo ɗanta mai shekara huɗu saboda tari. Mijinta yana Abijan ci-rani, kamar mazan garuruwanmu da yawa. Yaron ya zauna a ƙasa, ya ɗauko murfin kwano daga cikin kayanta ya shiga juya shi, idonsa kafe a kan murfin. Na kira sunansa, bai waiwayo ba. Amma da kabu-kabu ya tayar da inji a waje, sai ya toshe kunnuwansa da tafin hannu ya fara jijjiga gaba da baya. A idon sawunsa na hagu akwai zoben fata da ta yi kanta, irin wadda igiya ke bari. Da ta ga ina kallon wurin, sai ta ja zanenta ta rufe ƙafar, ta ce, "Malama, in ban ɗaure shi ba rijiya yake nufa." Daga nan maganar ta ɓalle. Uwar mijinta ta ce ai tun tana da cikinsa aka hana ta wanka da almuru ba ta ji ba, ga shi ta haifo ɗan ruwa. Kishiya ba ta barin ƴaƴanta su ci a kwano ɗaya da shi. An sayar da awaki biyu an kai wa boka, an yi hayaƙi har yaron ya shiɗe. Tarin da ta kawo shi dominsa ma bayan hayaƙin ya fara.

Ba ni da maganin da zan ba ta wanda zai sa ya yi magana. Abin da nake da shi jumla ce da zan iya faɗa ba tare da ƙarya ba: "Inna, ba ke kika jawo masa ba. Haka Allah ya gina ƙwaƙwalwarsa tun yana ciki, kuma akwai yara irinsa a kowace ƙasa ta duniya." Wannan jumla daga binciken tagwaye ta fito. Ma'aikacin lafiyar da bai san hujjar ba zai faɗe ta ne da sanyin murya, kamar mai rarrashi kawai, kuma uwar miji za ta ture ta da kalma ɗaya. Wanda ya san hujjar zai iya cewa a zo masa da uwar mijin, ya zauna da ita, ya kira ta Hajiya, ya yi mata bayani ido cikin ido. Ba na faɗa da addu'a, kuma ban taɓa ce wa uwa ta daina kai ɗanta wurin malam a yi masa tofi ba. Malamai da yawa, idan aka yi masu bayani, su ne kan gaba wajen hana duka da hayaƙi da ɗauri. Da wanda ke karɓar awakin matar da mijinta ba ya gari nake faɗa.

Sai dai ya kamata mu faɗi iyakar abin da binciken ya kai. Mu nan mun san sikila: ƙwayar gado ɗaya ce, ana auna jini a gane, har ana shawartar masu shirin aure su yi awo, kuma akwai cibiyar ƙasa da ke kula da masu ita a Yamai. Otizim ba haka yake ba. Wani babban bincike da aka fitar a 2020 ya lissafa ƙwayoyin gado 102 da ke da hannu a ciki, kuma an ci gaba da gano wasu bayan haka. A wurin yawancin yara, ƙananan bambance-bambance ne masu ɗimbin yawa suka taru. A wurin wasu kuma, sauyin sabo ne, ya faru a cikin maniyyi ko ƙwai, uba ba shi da shi, uwa ba ta da shi. Kaɗan ne ake iya nuna sanadi guda ɗaya, kamar ciwon Rett da ya fi kama ƴan mata, wanda ayarin Huda Zoghbi ya gano ƙwayar gadonsa a 1999. Babu awon jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da otizim. Ta hanyar lura da yaro da tambayar iyaye ake gane shi. Dole a kiyaye harshe wajen faɗar kalmar gado a gidajenmu, domin idan ba a yi hankali ba, laifin da aka sauke daga kan uwa sai ya koma kan danginta, a ce jininsu ne. Gadon daga ɓangarori biyu yake zuwa. Haka ma maganar auren zumunci: binciken da aka yi a cikin iyalai masu auren dangi a Gabas ta Tsakiya da Turkiyya da Pakistan ya taimaka wajen gano wasu ƙwayoyin gado da ba sa bayyana sai sun haɗu daga uwa da uba, amma wannan bai nuna cewa auren zumunci ne ya kawo yawancin otizim ba, kuma ana samunsa birjik a ƙasashen da ba sa irin wannan aure.

Ga masu cewa mu fara da waɗanda ke mutuwa, akwai abin da nake so su duba. Cikin abubuwan da aka san suna ƙara yiwuwar otizim akwai haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi wajen haihuwa, da rashin iska ga jariri lokacin doguwar naƙuda. Akwai cutar rubela idan ta kama mai ciki, abin da aka gano bayan annobar da ta auka wa Amurka a 1964. Akwai kuma maganin farfaɗiya mai suna valproate, wanda muka fi sani da Dépakine: shansa da ciki yana ƙara haɗarin naƙasa da matsalar ci gaban ƙwaƙwalwa ga jariri, har abin ya zama babbar shari'a a Faransa. Mace mai farfaɗiya ba za ta yanke magani da kanta ba, hakan haɗari ne gare ta da cikin. Amma wanda ke rubuta mata takardar magani ya kamata ya san wannan tun kafin ta ɗauki ciki. To duk waɗannan ai aikin awon ciki ne, aikin ungozoma, aikin rigakafi, wato aikin da muke yi kullum. Sannan yara masu otizim da yawa suna da farfaɗiya, rashin barci, ko taurin bayan gida, kuma waɗannan ana maganinsu. Yaron da ba ya iya cewa cikinsa na ciwo, kansa zai riƙa bugawa da bango. A ƙasar da sanƙarau ke barin yara da kurumta, duk yaron da ba ya amsa sunansa sai an fara duba kunnensa kafin a kira wani suna.

Akwai kuma abin da ke yawo a wayoyi. Kowane ɗan lokaci sai wani saƙon murya ya ɓullo a WhatsApp cewa allurar rigakafi ce ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Asalin wannan magana sananne ne. A 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto a kan yara 12 yana danganta rigakafin ƙyanda da otizim. An gano an yi maguɗi a aikin, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, kuma a shekarar aka soke lasisinsa na likita. A 2019 Danmak ta fitar da sakamakon bin yara sama da 650,000, ba a sami wata alaƙa ba. Abin da ke rikita iyaye shi ne alamomin otizim sukan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, daidai lokacin da ake cikin yin allurai. A Satumban 2025 kuma shugaban Amurka ya fito ya ce masu ciki su guji farasitamol saboda otizim. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amsa cewa babu tabbatacciyar hujja, kuma wani bincike na Suwidin da ya duba yara kusan miliyan 2 da rabi, aka fitar a 2024, bai sami alaƙa ba da aka kwatanta ƴan uwa ciki ɗaya. A Tawa, mai cikin da zazzaɓi ya rufe ta ta ƙi shan magani saboda saƙon waya, ita da abin da ke cikinta ne a haɗari. Ma'aikacin ƙaramin asibiti, wato CSI, da zai amsa mata yana buƙatar ya san inda maganar ta samo asali da yadda aka rushe ta, in ba haka ba kafaɗa kawai zai ɗaga.

Ba kowane taro mai ɗauke da sunan binciken halitta ne ya cancanci kuɗin mota ba. A Turai da Amurka an daɗe ana shirya wasu taruka da ke sanye da rigar kimiyya amma kasuwa ce ake ci: a tsakiyar zaure ana jawabi, a bakin ƙofa ana sayar da ƙwayoyi da alƙawarin warkewa. An yi yayin allurar wani sinadarin jiki mai suna sikiritin a ƙarshen shekarun 1990, gwaje-gwaje suka nuna ba ta aiki. An yi yayin wanke jini wai don fitar da ƙarafa masu guba, har wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu a jihar Pensilbaniya a 2005 ana cikin yi masa. Akwai masu ba yara ruwan bilic su sha, abin da hukumar magunguna ta Amurka ta yi ta gargaɗi a kai. Yanzu kuma asibitocin kuɗi a ƙasashen waje suna tallan dashen ƙwayoyin halitta, wanda ba a tabbatar da amfaninsa ga otizim ba, kuma masu hali a cikinmu suna jin tallan. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ban ga laifin uban da ya sayar da fili don ɗansa ba. Laifin yana kan likitan da ya san gaskiya ya yi shiru, ko wanda bai damu ya sani ba. Alamar taron kirki ita ce masu jawabi suna faɗin yawan yaran da aka gwada, da wa aka kwatanta su, wa ya biya kuɗin binciken, kuma ba sa jin kunyar cewa abu kaza bai yi aiki ba. Duk inda aka ce an samo maganin warkewa, a tashi a fita.

Taron da na halarta na kirki ne ta wannan fuska, amma akwai abin da ya ci mani tuwo a ƙwarya. Da Faransanci aka yi shi daga farko har ƙarshe. Ban ga malamin makarantar firamare ko ɗaya a kan mimbari ba, ban ga uwa ba, ban ga babban mutum mai otizim da zai faɗi yadda rayuwarsa take ba, alhali suna nan a Yamai. An raba takardar shaida, an biya kuɗin zama, kowa ya kama hanya. Idan a nan abin ya tsaya, to dattijon nan namu ya yi gaskiya, an yi asarar kuɗin.

Biyan bashin ba ya buƙatar na'ura. Akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, wadda ake yi wa iyayen yara masu wata 16 zuwa 30: yana nuna abu da yatsa don ki gani? Yana waiwayowa idan an kira sunansa? Yana wasan kwaikwayo, kamar ya yi kamar yana shan ruwa a kofin da babu komi? Ba ta yanke hukunci, tana nuna yaron da ya kamata a ƙara dubawa ne. Tun 2006 doka ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a Nijar, kuma iyaye mata suna zuwa awo da rigakafi. Wurin yin tambayoyin a shirye yake, fassara mai kyau da gwada ta a kan yaranmu ne suka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da shirin horar da masu reno, na iyayen yara masu shekara 2 zuwa 9, wanda aka tsara shi don ma'aikatan da ba ƙwararru ba su iya koyarwa, an kuma gwada shi a Habasha da Kenya. Abin da yake koyarwa shi ne yadda za ki sauko daidai idon yaro, ki bi abin da yake so ki shiga wasansa, ki mayar da wanka da cin abinci lokacin koyo, ki gane abin da ke tayar masa da hankali kafin ya fashe. Da yaron nan mai murfin kwano, daga murfin za a fara. Ina so duk wanda aka sa wa hannu a takardar tafiya irin wannan taro a rubuta masa ranar da zai tara ma'aikatan gundumarsa ya yi masu bayani da Hausa, ko Zabarmanci, ko Tamashek, da ranar da zai shiga rediyon gari. Kada a jira 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa otizim tun 2007, a yi tattaki da riguna a watse.

Saura magana ɗaya da ta shafi masu binciken kansu. Kusan duk alƙaluman da na kawo daga Turai da Amurka suke. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa cikin mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu, kusan kashi 78 cikin 100 ƴan asalin Turai ne, ƴan asalin Afirka kuwa wajen kashi 2, alhali a Afirka ne bambancin ƙwayoyin gadon ɗan Adam ya fi yawa. An fara cike giɓin a wurare irin su Kilifi ta Kenya da Afirka ta Kudu. Ba makawa wata rana za a zo neman yawun yaranmu ko jininsu, kuma ina so a zo, domin sakamakon da aka samu a Suwidin ba lalle ya dace da yaron da ya sha masassarar da ta taɓa ƙwaƙwalwa ko tamowa yana jariri ba. Muna da Jami'ar Abdou Moumouni, muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES. Masananmu su kasance cikin masu tsara aikin tun farko, kada a mayar da su masu tattara kwalabe. Hausawa ba su manta da Kano a 1996 ba, lokacin da aka sa yara wajen 200 cikin gwajin maganin Trovan ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a, kuma rashin yardar da abin ya haifar ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Don haka a karanta wa uwa takardar amincewa da harshenta, a gaya mata ƙarara cewa wannan awo ba zai warkar da ɗanta ba, a faɗa mata inda za a kai samfurin da wanda zai riƙe shi, kuma ta san tana iya cewa a'a ba tare da an hana ta magani ba. Idan mijinta yana ci-rani, a ba ta lokaci ta kira shi su yi shawara. Idan kuma wajen duba yaron aka tarar yana da farfaɗiya ko ba ya ji, a fara yi masa maganin wannan a ranar, ko da binciken bai tanadi kuɗinsa ba.